Kwana Bakwai Ba Shara

A watan da randa ke ƙafewa kafin azahar
baƙuwata ta daina cin tuwo.
Mitsuyo sunanta, amma Birni kaf
Mai Awon Rijiya suke ce mata,
don kullum tana yawo da igiya da ɗan littafi
tana tambayar dutse inda ya ɓoye mana ruwa.

Shekara biyu tana haya a ɗakin ƙanena.
Ta iya "ina gajiya",
ta iya taya albasa a Kasuwar Dole har mai ita ya rantse.
Sai ga ta bakin ƙofa, waya a hannu,
kamar wadda aka aiko wa da rasuwa.

Na ce, wa ya mutu?
Ta ce, babu. Itatuwa ne suka yi fure.

Ta nuna mini babanta, tsoho da hular ulu,
bisa kansa reshe ya yi fari da ɗan ja-ja
kamar an ɗiga zoɓo a cikin nono.
Sakura, in ji ta. Kwana bakwai,
ko goma in iska ta ji kunya.
Gari duka ya fito da tabarmi.

Na ce, tana 'ya'ya?
Ba na ci ba.
Ana jiƙa saiwar don ciwon ciki?
A'a.
To me ake zuwa yi?
Ta ce, kallo.

Na riƙe haɓa.
Mu nan inuwa muke bi.
Ba mu ɗaga kai mu dubi itace
sai in akuya na kukan yunwa.

Daren nan zafi ya hana ni barci,
sai na tuna kariya
can bayan duwatsu, hanyar Mirriya,
mai ƙaton gindi, ba ganye ko ɗaya,
mai fidda jan fure lokacin da kowa ya bushe.

Ran Lahadi Mutari ya kai mu.
Na ɗauki tabarma, alkaki, butar shayi.
Kariya ba ta kai kafaɗata ba,
inuwarta ko ƙadangare ba za ta isa ba.
Muka zauna a rana, mata biyu da hankalinmu.
Wani makiyayi ya tsaya:
"Hajiya, mota ce ta lalace?"
Na ce, fure muke kallo.
Ya kora tumakinsa da sauri.

Mitsuyo ta yi godiya har sau uku.
Na san irin wannan godiyar,
ita ake yi wa miyar da gishiri bai ji ba.
A hanya ta ce, tana da kyau, Barira,
sai dai ba ta zuba.
Tamu zubar ake jira.

Mun iso gida gab da magariba.
Na aje faranti gindin dogon yaron tsakar gida,
na tafi alwala.
Da na dawo, fararen 'yan ƙanana
sun cika farantin kamar tsakin gero,
suna sauka a gashinta, a kofin shayi,
ƙamshin nan da nake cewa na bazara ne kawai.
Shekara talatin ina share su ina tsaki.
Na miƙa hannu ga tsintsiya.

Ta kama hannuna.
Da Hausarta mai ɗingishi ta ce,
kada ki share.

Bara ta koma.
Rijiyoyinta biyu sun ba da ruwa, ɗaya ta ƙi.
Bana da dogon yaro ya fara
na jingine tsintsiya bayan rumbu.
Maƙwabciyata Tsahara ta leƙo ta katanga
ta ce ko ba ni da lafiya.
Na ce mata ta shigo da tabarmarta.
Ba ta zo ba tukuna.
Saura kwana huɗu.