Ba Wanda Ya Biyo Ni

Shekara arba'in ina zaune bisa buzu ɗaya,
ƙafa a naɗe, basilla a hannu,
ina ɗinka wa mutanen Damagaram takalman tafiya,
ni ko ban je ko'ina ba.
Iyakata daga Birni zuwa Kasuwar Dole,
shi ma a bayan kabu-kabu.

Sai likita, yarinya sa'ar autata,
ta ɗaure mini damtse, ta dubi allurar, ta ce,
"Baba, tansiyo ya hau. A riƙa motsa jiki."
Na ce to,
irin to ɗin da ake sallamar yaro da shi.

Ran nan bayan asuba, ruwa ya ɗauke,
na fito da niyyar takawa zuwa bakin tabki,
sai ƙasa ta tashi da wani ƙamshi
da rabona da shi tun ina korar awakin Inna.
Ƙafafu suka yanke shawara ba su tambaye ni ba.
Taku ashirin. Na ƙirga.
Na dafa dutse ina huci kamar zugazugi,
ina dariya ni kaɗai
da sauran haƙoran da Allah Ya bar mini.

A garinmu dattijo ba ya gudu banza.
Ko gobara, ko kunama ta harbi jika, ko mai bashi ne a ƙofa.
Tabawa mai ƙosai ta saki matsami,
"Lafiya, Malam Kanta? Wa ya biyo ka?"
Na ce, "Shekara sittin da uku."
Ta ce, "Ai ko za su cim maka."
Na ce, "Na sani. Su dai ɗan wahala tukuna."

Ni da na ɗinka takalmi ya fi dubu,
na saci jiki na je gwanjo na sayi kambas.
Na hagu ya yi mini yawa,
na cusa masa guntun jar fata, muka shirya.

Yanzu na san garin nan kafin ya wanke fuska.
Na san 'yan garuwa da ke layi tun famfo bai yi tari ba,
da karen da ya gaji da yi mini haushi,
da ƙadangaren kan dutse mai gyaɗa kai,
shi kaɗai ya yarda da ni tun farko.
Duwatsun nan da na ɗauka kayan gari ne kawai,
ashe da sassafe sanyi gare su kamar randa,
in ka manna musu baya.

Samari na wuce ni a hanyar Mirriya,
"Sannu, Baba!" sai ƙeyarsu.
Su je. Su suna da inda za su.
Gwiwar dama tana mita kamar wadda aka hana kuɗin cefane,
ina lallashinta, mu kai bedin can, daga nan mu kai na gaba.

Gefen maƙabarta nakan sassauta.
Kiyari na ciki, abokin zamana na rumfa,
wanda ya ce sai ranar da ya huta zai ga gari.
In yi masa sallama, in yi addu'a,
in ce, "Gero ya yi kai bana, Kiyari,
belbelu sun dawo tabki."
Sannan in ɗaga ƙafa, da nauyi kaɗan.

A gida Habsu ta daina cewa na haukace.
Moɗa kawai take miƙo mini ba ta dube ni ba,
amma na ga man kaɗanya a ajiye bakin tabarma.
Ruwan nan, wallahi,
shekara arba'in ina shan sa ban san yana da daɗi ba.

Hantsi ya yi, na koma bisa buzu,
na ja zare, na soka basilla.
Mai saye ya ɗaga takalmi ya ce, zai yi ƙarko?
Na karɓa, na lanƙwasa shi daidai inda yatsu ke lanƙwasawa.
Wannan wurin, da, ban san da shi ba.