Yasar Rijiya

Na bar albasata a rumfa a Aliero,
na sauka Badariya, gidan ɗan ƙanena Ɗanjumma.
Gobe da farar safiya za a zura mini fitila a hanji.
Likita ya ce ba a leƙa rijiya sai an yashe ta.

Kwana uku ba wake, ba zogale, ba gyaɗa.
Yau kuwa ko loma.
Romon kaza da aka tace da ƙyalle,
shayi ba madara, ruwa, sai kuma ruwa.
Na miƙa hannu ga zoɓo, Kulu ta janye kofin:
"Ja ne, Baba. Sai su zaci jini."

Shekara tara ina gaba da sukari.
Na bar rake, na bar alewa,
ko a ɗaurin aure dabino ɗaya nake raba biyu.
Yau ga shi a murfin kwano kusa da matashina,
kamar wanda muka yi shari'ar gona
ya zo ya kwana yana jinyata.

Allurar dare an rage ta, da jan biro aka rubuta,
ƙwayar safe an ce ta jira.
"Wannan lissafin naka ne, Malam Noma,
kada ka ara wa kowa."

Bayan la'asar aka kaɗa garin a jarka.
Ba gishiri ba, ba kanwa ba, wani abu a tsakani.
Kofi ɗaya. A jira. Kofi ɗaya.
Daga nan ni da buta muka ƙulla zumunta.
Sau tara na ƙirga, na daina ƙirga,
alwala ta ƙi zama a jikina.

Ƙarfe biyu na dare gwiwa ta saki.
Zufa mai sanyi, hannu na kaɗawa
kamar ganyen albasa a bakin fadama.
Kulu ta soki yatsana, ta haska da waya:
sittin da huɗu.
Ta narka maƙiyina a ruwa, ta ba ni a baki.
Muka zauna muna kallon agogo.
Ta sake soka. Ɗari da uku.
Sai a nan ta yi ajiyar zuciya.

Yayana Magaji ya ga jini kamar yadda na gani.
Ya ce basir ne, ya sha saiwa shekara biyu.
Ba wanda ya leƙa tasa rijiyar.

Kafin kiran assalatu na shanye ragowar jarka.
Abin da ya fito garau yake, ana ganin ƙasan fo.
Ɗanjumma ya tsayar da mai adaidaita.
Cikina fayau, tsoro kaɗai ya rage a ciki,
shi kam maganin bai wanke shi ba.

Kulu ta rungume jaka a cinya.
Ina jin ƙamshin kunun da ta ɓoye
don bayan an gama.