Goran Iri

Mun bar Mirya da jaki guda da tukunya,
Baba a gaba da dagi, Inna da goyon Barmo a baya.
Kwana uku muna bin sawun shanu ta gabas
har inda sabara ta haɗiye hanya.

Baba ya ce, "Nan."
Ba bukka, ba hayaƙin kowa,
gawo ɗaya tak da kukan kurciya.
Muka sari kalgo, muka ja shinge,
ya tsuguna ya zana ƙasa da yatsa: bakin rijiya.

Gaba bakwai ya tona.
Ni ke zubar da ƙasa, Kyauta ke riƙon igiya.
Ana cikin na takwas masu jar hula suka sauka,
sunansa na cikin takardarsu tun daga Mirya,
wai a je a fasa dutse a Damagaram.
Ya rataya gora a wuyan Kyauta, ya ce,
"Wata ɗaya zan yi. Wannan iri ne, ajiya."

Wata ya tsaya, ya mutu, ya sake tsayawa.
Zazzaɓi ya kwantar da Inna ran Laraba,
ran Asabar muka rufe ta da dagin Baba
a gindin gawo, mu biyu, ba liman, ba maƙwabciya.

Shekarar Kyauta goma sha biyu.
Ta kwance zanen Inna ta ɗaure Barmo,
ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta in tana tafiya.
Anza muke jiƙawa da ruwan tafki mai nisa
kwana huɗu, ɗacin bai fita ba.
Muka tone gidan tururuwa, muka ƙwace musu taro,
muka sussuke ƙarangiya, yatsu duk ƙaya.

Wani dare na lallaɓa.
Goran na ɗaure a cikinta, na san ƙullin.
Ta cafke hannuna, ashe idonta biyu.
Ba ta mare ni ba, da ma ta mara.
Ta zare toshi, ta ƙirga ƙwara uku a harshena:
"Kar ka tauna, Mantau. Tsotsa har safiya."
Ita ba ta sa ko ɗaya ba.
Na kwanta da gero a baki, da kunya.

Da tafki ya zama taɓo, ta ce ita za ta shiga.
Na ɗaura igiya a ƙirjin jaki,
na zura yayata cikin duhu kamar guga.
Barmo na rarrafe a baki yana kiran ta Inna,
daga ƙasa tana amsa masa da ƴar murya.
Gaba tara, fari fat. Gaba goma, jar ƙasa.
A na sha ɗaya kwando ya hau da nauyi,
na dunƙula yashin, ya tsaya dunƙule.
Na yi ihu, ta ce, "Ja kwando, ka bar hayaniya."

Ruwan fari ya sauka da dare.
Da asuba na ɗauki sungumi da ya fi ni tsawo,
ni ke sara, tana zubawa, tana rufewa da diddige.
Da goran ya ƙare ta girgiza shi a kunne,
ta zauna a kunya ta farko,
sai ran nan na ga ta yi kukan marainiya.

Baba ya dawo bayan an ɗaure dami,
da tari, da sanda, da ido ɗaya.
Ya tsaya bakin shinge ya yi sallama kamar baƙo,
ya roƙi ruwa wurin ƴarsa bai gane ta ba
sai da ta miƙa masa ƙwarya.

Yau gida arba'in ne, Garin Tunau ake cewa,
sunan Baba, haka ma a takardar haraji.
Ban yi musu da kowa ba.
Amma ni na wanke hannun Kyauta ran da ta cika,
na ga tabon nan bai ɓace ba,
layi biyu a kowane tafi, faɗin igiya.