Rariya

Sha ɗaya ta gota. Barmu mai gadi ya ja ƙyaure,
ya bar mini tocila da guntun shayin da ya huce.
Daga ni sai baƙin allo a ɗakin injuna,
da ɗan farin nan mai ƙyafta ido, yana jira in ce.

Tun da hantsi Mushe Kiyari ya leƙo:
"Zuwaira, rezon makarantar nan ya zama kwata,
kowane tarkace kwararowa yake kan ɗalibai.
Ki sa mana wani abu tsakani."
Ya buga babur ya nufi Tudun Jamus
kamar wanda ya ce a miƙo masa buta.

Tsakani ai akwai dillali tuntuni,
shi ke karɓo shafi daga duniya ya miƙa,
sai dai ba ya kwance ƙunshi, ba ya shinshinawa.
Rariya zan ƙara masa,
ɗan kundin da zai koya masa buɗe kaya,
ya tsince tsakuwa, ya mayar ya ɗaure.

Layi ɗaya na rubuta wa magajin kaya.
Ya ce: wanda kike nema ba ya tafiya shi kaɗai,
ƙannensa bakwai,
autan kuma ba ya kwana sai da kawunsa.
Kin yarda?
Na yarda. Ko a Kasuwar Dole
wanda ya sayi tukunya da marfi yake dawowa.

Sha biyu cikin ɗari.
Sha uku.
Har yanzu sha uku.

A Garin Malam, shekarar da famfo ya kwana tara yana tari,
Inna Cima ta yagi farin ɗankwalinta
ta ɗaure a bakin randa.
Ga-ruwa ya juye, ni ina riƙe da gefe,
ina kallon abin da ya rage a sama:
ƙasa, ɗan kara, wani abu mai motsi.
Ba ta taɓa faɗa wa baƙo abin da ta tsame ba.

Tamanin da ɗaya, kuran ya tafi.
Batir ya yi kuka sau uku ya bi shi.
Na ji Barmu a waje yana zagin inji,
yana jan igiya, yana roƙonsa da sunan Allah.

Da haske ya dawo, magaji ya ƙi ni:
wai wani na riƙe da makullin ɗakin ajiya.
Na bincika ko wane ne.
Ni ce. Ni ta ɗazu, wadda duhu ya katse,
ta mutu da makullin a hannu.
Na ɓamɓare yatsunta a hankali,
na share rabin kayan da ta zubar, na sake.

Da ya gama, ba guɗa, ba sannu.
Layi ya sauko, ɗan farin ya koma ƙyafta ido.

Na gwada. Tallan caca bai wuce ba.
Wani ƙunshi mai ƙwari a ciki, an tsare shi a ƙofa.
Sai na nemi darasin shayar da jariri,
wanda 'yan ajin ungozoma ke da shi da ƙarfe takwas.
An hana.
Rariyata ta ga nono ta ji kunya.

Na yi dariya har Barmu ya leƙo.
Inna ma ta taɓa ninka ƙyalle huɗu,
ruwa ya tsaya a sama, mu muna ƙasa da ƙishi.
Na kwance ninki ɗaya. Na kwance na biyu.
Uwa da jaririnta suka bayyana a allo.

Duwatsun Birni sun fara fitowa daga duhu.
Kurar ga-ruwa ta wuce, jarkoki na karo da juna.
Na wanke kofin Barmu, na kife masa a taga,
na rubuta wa Mushe a guntun takarda: an sa.