Kwana Biyar a Fadamar Baturiya

Hutun kwana biyar aka ba ni a wurin aiki,
Na ce ba zan kashe su a kan katifa ba.
Na ɗaure jaka, na hau motar Haɗeja,
Ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni
Inda hanya ta gaji, ta miƙa wuya ga ruwa.

Baba Ilu na tarar yana ɗinkin koma.
Ya dubi takalmina, ya dubi jikansa Tanimu,
Suka yi irin dariyar da ba a fassarawa.
Ya ce, "Tuɓe su, ɗan birni, nan laka ke mulki,
Da tafin ƙafa ake kai mata gaisuwa."

Da asuba muka tura kwalekwale.
Kacala ta rufe mu hagu da dama,
Ba ka jin komai sai numfashin Tanimu
Da sandar gora tana neman ƙasa.
Can fadama ta buɗe gaba ɗaya,
Kirinjijiya dubu suka tashi da fito
Har rana ta rasa inda za ta leƙo.
Na buɗe baki, na manta da rufewa.

Ga zalɓe tsaye, shiru, kamar mai bin bashi
A ƙofar gidan da ya san da mutum ciki.
Dinya ta gifta, nauyinta ya isa akuya.
Guza ya sulale daga gindin goruba,
Bai ko bar wa bado motsi na tunawa.

Rana ta uku na ga kada.
Wallahi na gan shi, da ido, da ƙaya a baya!
Na zabura, jirgi ya karkata, na tafi.
Laka ta karɓe ni har ƙugu,
Wayata ta yi gaba, ba ta ko waiwaya ba.
Tanimu ya sa gora ya juya kadan nawa:
Kututturen giginya ne, ya shekara yana ruɓewa.

Matsattsaku huɗu aka cire mini a ƙwauri.
Baba Ilu na shafa toka, yana cewa,
"Wayar ta huta ita ma, ai hutu kuka zo.
Gaiwa za ta riƙa amsa maka kira,
Ta ce maigidan yana wurin shaƙatawa."

Da yamma wata 'yar tsuntsuwa ta faɗa raga,
Ba ta kai tafin hannuna ba.
A ƙafarta zoben ƙarfe, da lamba,
Da rubutun wata ƙasa da na kasa karantawa.
Tsohon ya warware zaren a hankali,
Ya hura mata iska a ƙirji, ya ce,
"Baƙuwa ce, duk sanyi tana zuwa.
Ta ƙetare hamada ba guzuri, ba takarda,
Kai daga Kano ka zo da jaka har biyu."
Ya buɗe hannu. Ba ta tsaya godiya ba,
Ta bar mini ɗuminta a yatsu, da kewa.

Dare ya yi, muka gasa tarwaɗa a kan kara,
Yaji da gishiri, da hayaƙin korar sauro
Wanda sauron bai ji labarinsa ba.
Kwaɗi na musu a kan abin da ban sani ba,
Taurari sun sauko har cikin ruwa.

Yau ga ni a tebur, fanka na juyi,
Takardu sun taru, sun haihu a bayana.
Abokan aiki na cewa in nuna hoto,
Na ce hotunan suna hannun gaiwa.
Sai na ɗage wando, na nuna tabo huɗu.
Har yanzu akwai laka a ƙarƙashin farcena,
Kuma ba na gaggawar wankewa.