Wutsiyar Bakwai

Shekara talatin da ɗaya na sha ƙurar alli
a makarantar tsibirinmu, kudu da Mokpo,
har yara suka janye kamar ruwan randa:
arba'in, sha biyu, uku,
ranar ƙarshe ɗaya tal, ni da ita da agogon bango.
Aka garƙama kwaɗo.
Masunta suka mai da filin ƙwallo mashanyar kifi.

Bara da kaka sai ga jirgin fito
ya sauke motoci uku da fitilu masu dogon wuya.
Wai wasan talabijin za a yi, na 'yan makaranta.
Bangon da kyamara za ta kalla ya sha fenti,
ɗayan aka bar shi da tsagarsa.
Ɗalibai kuwa daga Seoul aka kwaso su,
wani sai ya aske gemu kafin ya sa yunifom.
Takalma fes, wuyan riga fes.
Nawa da ƙarnin teku suke shigowa,
yatsu sun tsattsage da ɗibar ciyawar ruwa tun asuba,
su yi gyangyaɗi a darasi na biyu,
ni kuma in juya ga allo kamar ban gani ba.

Malaminsu kyakkyawa ne, ba na ƙi ba.
Ya iya hawa tebur ya yi jawabi,
ya iya bin yaro a guje cikin ruwan sama,
ruwan da wani ke fesowa da tiyo daga saman tsani.
Cikin minti arba'in ya sasanta ɗa da uba.
Ni shekara biyu ina zarya tsakanin Tak Jin-seop da nasa uban,
ƙarshenta yaron ya bi jirgin safe,
ya bar min jakarsa a ƙarƙashin benci.

Abu guda ya gagari kyakkyawan: alli.
Rubutunsa tafiyar kaguwa ce a kan yashi.
Sai wata yarinya mai waya a kunne ta buga min ƙofa:
"Kaka, an ce hannunki ba ya rawa."
Na cika musu allo da lissafi, layi bisa layi,
na koma bayan fitila na tsaya.
Shi ya zo ya ɗiga aya, aka tafa masa.
Ni aka ba ni ambulan da shinkafa a kwali.

Daren Laraba, kashi na tara,
maƙwabta sun cika min ɗaki, muna ɓare lemo.
Ga allona! Daƙiƙa huɗu,
a bayan wata yarinya mai kuka ba majina.
Kafin su ce "ina? ina?" ya wuce.

Ƙarfe sha ɗaya waya ta yi ƙara.
Murya ce mai kaushi, wadda hayaƙin walda ya gasa
shekara da shekaru a tashar ƙera jirage ta Ulsan.
"Malama, har yanzu bakwai ɗinki
wutsiyarta na karkata hagu."
Na nemi kujera.
A talabijin nan ne ake sako kiɗa mai taushi,
mu ba mu da kowa sai firiji yana gurnani.
Na ce, "Ka ci abinci?"
Ya ce ya ci. Ya ce tsohon ya rasu, ya je jana'iza bai kwana ba.
Ya ce 'yarsa ce mai son wasan, shi wucewa yake yi da kofi.
Muka yi shiru, kuɗin waya na tafiya.
Can ya ce, "Ranar da na gudu,
ni ke da gogen allo."

Masu fitilu sun tafi tuntuni,
kifi ya dawo fili, fenti ya fara ɓarewa.
Lissafin na nan yadda na bar shi, har da ayar baƙo.
Mai gadi ya tambaye ni sau biyu ko ya goge,
na ce a'a, akwai mai aikin.
Jirgin Mokpo ƙarfe tara yake tasowa,
in teku ta yarda.