Lissafin Kwana

Ƙarfe ukun dare a Sheffield,
na gama juya Doreen ɓangaren hagu.
Casa'in da ɗaya take.
Ƙugunta na ƙarfe ne, ba ta biya ko sisi ba,
ta dai jira wata goma sha huɗu,
har yau tana tsine wa layin.

A ɗakin shan shayi wani ya manna takarda,
ƙasashe a jere kamar ɗalibai ranar sakamako.
Japan can sama, tamanin da 'yan kai.
Birtaniya na biye tana haki.
Amurka, duk da kuɗinta, ta zauna bayansu.
Na sa yatsa ina gangarawa,
ina gangarawa,
sai da na sunkuya na iske mu:
hamsin da huɗu.

Babana bai ga huɗun ba.
Mu muka sayo ruwan, mu muka sayo allura,
har safar hannun likita,
a kemis ɗin tsallaken asibitin Gusau.
Wuta ta ɗauke, aka nemi jijiyarsa da tocila.

Sallau ƙanena yana Houston, tirela yake ja.
Ranar da ƙirjinsa ya riƙe
ya hana maƙwabci kiran motar asibiti,
wai kuɗinta ya fi ciwon ciwo.
Ya kai kansa. Ya tashi.
Takardar bashi ta riga shi isowa gida.
Ya ce, Yaya, nan sai sun warkar da kai
sannan su riƙa yankar ka wata-wata.

Na san abin da za a ce mini:
kwana na Allah ne, in ya ƙare ya ƙare.
Ban musa ba.
Amma ko a garin nan, bas ɗin da nake hawa
daga unguwar masu lambu zuwa tamu,
kafin ya sauke ni ya zubar da shekaru a hanya
kamar buhun gero mai huji.
An ce ajali ba ya duba fasfo.
To wa yake ba shi adireshi?

Doreen ta danna ƙararrawa,
ruwa take so, mai ɗan ɗumi.
Ta ce, shekarunki nawa, 'yar nan?
Na ce arba'in da tara.
Ta yi dariya, ta ce ashe yarinya ce.

Na tallafe mata kofin har ta shanye.
Ban gaya mata ba
cewa a takardar can saura mini biyar.